Naira 250,000 ce a hannuna, wace jitar lantarki zan saya?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da warhaka. Shekara ɗaya da rabi ke nan ina koyo da jitar katako ta wani abokina, to yanzu ya samu aiki a Abuja ya tafi da abarsa. Na kwashi adashi, naira 250,000 ce cif a hannuna, kuma ta lantarki nake so. Jiya na shiga wani shago a nan Kaduna na ga wata baƙa wuluk mai sheƙi, an rubuta Gibson a kanta, mai shagon ya ce in kawo 180,000 har da jaka. Wallahi ta shiga raina, daren jiya ko barcin kirki ban yi ba. A gefenta kuma akwai wata Yamaha ta hannu, ta sha jiki, fentin ma ya ɗaye a inda ake ɗora hannu, ita kuma wai 170,000. Abin da ya ɗaure min kai ke nan, yaya tsohuwa mai tabo za ta kusa kamo sabuwa dal a kuɗi? Don Allah manya ku ba ni shawara kafin in yi aikin da-na-sani.

Gwanin Solo: Wa'alaikumussalam. Sabuwar Gibson a 180,000? Don Allah ka tambayar min mai shagon ko yana da Marsandi ta dubu ɗari uku, ni ma ina so 😂

Ɗan Tudun Wada: Haba Yaya, ni da gaske nake tambaya.

Baba Mai Saiti: Yaro, rabu da Gwani, tsokana ce ta yi masa yawa, amma gaskiya ya faɗa maka cikin wasa. Gibson ta ainihi a Amurka ake ƙera ta, kuma mafi arahar sabuwarsu ta haura dala 1,000. Ka buga lissafi da canjin yau ka gani. Wadda ka gani jabu ce. In kana so ka tabbatar da idonka, ka koma ka dubi ɗan murfin nan mai siffar ƙararrawa da ke kan jitar, daidai inda wuya ya ƙare. Na Gibson kusoshi biyu ke riƙe da shi, jabun kuwa galibi uku za ka gani. Ita Gibson in tana so ta yi wa talaka jita, ba ta sa sunanta, Epiphone take rubutawa, kamfanin da ta saya tun 1957. Haka Fender ma, nata na masu ƙaramin ƙarfi Squier ne, tun 1982 suke fitowa. To wanda ya yi maka ƙarya a ka, inda kowa ke gani, me zai hana shi yi maka ƙarya a ciki, inda sai an kwance?

Gwanin Solo: Amma Baba a yi adalci, akwai jabun da in aka gyara su suna kiɗuwa. Na taɓa riƙe wata a wani biki a Zariya, ba laifi.

Baba Mai Saiti: Akwai, ban musa ba. Amma caca ce. Guda nawa aka kawo min nan teburina? Wata firet ɗinta, wato ƙarafunan nan da ke gicciye a kan wuya, ba a kan lissafi aka dasa su ba, ka saita ta a sama ta yi ƙarya a ƙasa, wannan kuwa ba ta da magani sai a cire allon wuyan gaba ɗaya. Mai dubu 250 da ya tara da adashi ba shi ne zai shiga caca ba.

Injiniya: Ni duk ba wannan ne ya dame ni ba. Malam Ɗan Tudun Wada, ban ji ka ambaci amfilifaya ba, wato amfi, akwatin sifikar da ake jona jitar don sautinta ya fito. Kana da ita ne?

Ɗan Tudun Wada: A'a Injiniya, ba ni da ita. Na ɗauka in na sayi jitar sai in ci gaba da tari.

Gwanin Solo: Hakan ma daidai ne. Ka zuba kuɗinka duka a jita mai kyau, amfi ta biyo baya. Jita ce za ta zauna da kai shekara goma.

Maijitar Jos: A nan kam ban bi ka ba, Oga Gwani. Jitar lantarki ba amfi ai gaya ne, tuwo ba miya. Ba ta da ramin da zai ɗaga sauti kamar ta katako, sai ɗan ƙis-ƙis da kai kaɗai za ka ji. Kuma babbar illar ita ce hannunka zai saba da dukan tsirkiya da ƙarfi don ka ji abin da kake yi, sannan ba za ka koyi kashe tsirkiyoyin da ba ka kaɗawa ba, domin ba ka jin kukansu. Ranar da aka jona ka a sifika sai ka ji kamar ba ka taɓa riƙe jita ba. Yara nawa na gani a majami'armu haka, a gida gwanaye, a gaban jama'a sai hayaniya. Ni a ganina kada jita ta ci fiye da kashi biyu cikin uku na kuɗin. Sauran na abin da za ka ji sauti da shi ne, da waya, da sabbin tsirkiyoyi, da ladan mai saiti.

Baba Mai Saiti: Allah ya yi maka albarka da ka tuna da mai saiti. Kowa mantawa yake da mu sai wuya ya lanƙwashe.

Maijitar Jos: Baba ai ku ne asibitinmu. Ƙanena, Yamahar nan wace iri ce? In ka koma ka ɗauko mana hoton kanta, gaba da baya, da na jikinta.

Ɗan Tudun Wada: Na aika ƙanena da ke kusa da wurin ya ɗauko. Pacifica aka rubuta, a baya kuma akwai 'yar takarda da ta kusa gogewa, 112V. Ga hotunan nan.

Maijitar Jos: Kai! Ka ga abinka a nan kana kallon baƙa mai sheƙi? Tun 1990 Yamaha ke yin Pacifica, kuma 112 ɗin nan ita ce wadda malaman jita da yawa ke cewa ɗalibi ya fara da ita. Akwai ƙanwarta 012 da ta fi araha, ita ma ba ta da laifi, amma 112V ta fi ta fikof. In lafiyarta ƙalau, wannan tabon fentin ma alheri ne a gare ka, da shi za ka rage kuɗi.

Ɗan Tudun Wada: Ku yi haƙuri da jahilcina, fikof ɗin nan da kuke ta faɗa, ni a-kori-kura kawai na sani.

Injiniya: 😂 Ba laifi, kowa da ranar da ya fara. Ka ga waɗannan abubuwa uku da ke kwance a jikin jitar ƙarƙashin tsirkiyoyi? Su ne. Kowanne maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, naɗi dubbai. In tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa sai ta haifar da 'yar wuta kaɗan a cikin naɗin, ita ce amfi ke ɗauka ta ƙara mata ƙarfi. Iri biyu ne. Akwai siriri mai naɗi ɗaya, irin na Stratocaster da Fender ta fitar a 1954, muryarsa garau take, tana da kaifi. Aibinsa shi ne yana kwasar gurnanin wutar gida. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, to wannan "hmmm" da kake ji a sifika ita ce. Sai mai naɗi biyu, wanda ake ce wa hambaka, wani injiniyan Gibson mai suna Seth Lover ya ƙirƙiro shi, ya fara fitowa a jitocinsu a 1957. An haɗa naɗi biyu ne suna adawa da juna, sai gurnanin ya kashe kansa, sautin tsirkiya kaɗai ya saura. Muryarsa ta fi kauri da duhu. Wadda ke cikin hotonka tana da sirara biyu da hambaka ɗaya ta wajen gada, wato ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi a jikin jitar, ka ga ka samu duka biyun. Kuma a 112V in ka ja maɓallin murya na biyu sama, hambakar tana rabewa ta koma mai naɗi ɗaya. Ka gwada wannan a shagon, ka ji ko sautin ya canza.

Gwanin Solo: Ni dai a ƙasar nan da wayarin gidajenmu yake yadda yake, ban ga dalilin da mutum zai sayi mai naɗi ɗaya ba. Hambaka biyu kawai, a huta da kukan sauro. Ya nemi Ibanez cikin jerin GIO, ko Epiphone.

Ɗan Agadas: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Gwani, wanga magana taka ba ta zama doka ba. Ka taho Agadas lokacin bukukuwa ka gani mi mutane ka riƙewa. Kusan kowa mai siffar Stratocaster ne, domin kiɗinmu da yatsa ake tsinkar shi, ana son kowace ƙwaya ta hito daban, tas-tas. Hambaka tana cushe mana shi. Gurnani kuwa, in janareta na ruri a bayan tanti ga ganguna ga guɗa, wa ke jin wani gurnani? Sai dai a tambayi yaron wane kiɗi yake so, kahin a zaɓa mishi.

Ɗan Tudun Wada: Gaskiya irin naku na Nijar ne ya fara ja na, shi da hailaif. Amma ina so in iya raka mawaƙa a situdiyo ma, ko Allah zai sa a samu na cefane.

Ɗan Agadas: To ka gani. Riƙe wadda ke da sirara. Kuma kada ƙaramin kuɗi ya sa ka jin kunya. Mdou Moctar, ɗan nan jihar Tawa, da wayar birkin keke ya haɗa jitarshi ta hwarko, ga shi yau yana zagaya duniya. Mu nan yaro na samun jikka talatin ko arba'in ya sayi wata tsohuwa, anfili na batir, shi ke nan ya shiga layi.

Injiniya: Ƙari a kan maganar gurnani: maɓallin zaɓen fikof matsayi biyar gare shi. A yawancin jitocin yanzu, in ka sa shi inda sirara biyu ke aiki tare, gurnanin yana raguwa sosai, domin an naɗe na tsakiya a juye. Kuma ka guji zama kusa da cajar waya mai araha ko inbata, su ma suna zuba ƙara.

Baba Mai Saiti: To duk kun yi maganar murya, bari in yi maganar ƙashi, don ni nan na fi sani. Yaro, fikof ana canzawa, maɓalli ana canzawa, ramin jona waya ma da ɗan dalma ake gyara shi. Abin da ba ya canzuwa da araha shi ne wuya. Saboda haka in ka je shagon, kafin ma a jona ta a wuta, ka ɗaga jitar ka sa ƙasanta a ƙasa, ka leƙa daga kai zuwa gindi kamar mai duba miƙewar katako a wurin kafinta. In ka ga wuyan ya ɗan yi baka kaɗan, ba komai, akwai sandar ƙarfe a cikinsa da ake ɗaurewa ko a sassauta don wannan. Amma in ka ga ya murɗe, gefe ɗaya ya ɗaga ɗaya ya kwanta kamar ganyen masara, ajiye masa abarsa ka yi sallama, ko kyauta ya ba ka wahala ce.

Daga nan ka danne babbar tsirkiya a firet na farko da hannun hagu, ka danne ta a na ƙarshe da na dama, ka dubi tsakiya wajen na bakwai ko na takwas. Ya kamata ka ga 'yar tazara kamar kaurin katin waya. In babu tazara ko kaɗan, ko kuma ta yi yawa har ka ga rana ta ciki, sai an taɓa sandar nan. To nan ne wayon yake: ka ce wa mai shagon ya sa makulli ya ɗan juya ta a gabanka, ko da kwata ne. In ta juya lafiya, madalla. In ta ƙi motsi, ko tana juyawa sakaka ba ta kama komai, to ta mutu, jitar kuma ta bi ta. Na sha ganin wanda ya sayi jita mai suna da kuɗi mai yawa, sai a teburina muke gane sandar ta karye tun a ƙasar da aka kwaso ta.

Ka saki tsirkiyar ka duba tsayinta daga firet na 12. Wajen milimita 2 shi ne daidai ga babbar, ƙaramar kuma ƙasa da haka kaɗan. In ta yi sama da yawa ba abin tsoro ba ne, ana sauke ta a gada, sai dai ka san dalilin da ya sa aka ɗaga ta. Wasu 'yan kasuwa da gangan suke ɗagawa don su ɓoye zizar da firet marasa daidaito ke yi. Don haka ka bi kowace tsirkiya, gida-gida, tun daga farko har ƙarshe, kana saurare. Tsirkiya shida, firet 22, ba zai ci maka minti goma ba, kada kunyar mai shago ta hana ka. Ka dubi firet na farko zuwa na biyar kuma, nan ne hannu ya fi zama, in tsirkiya ta ci su har ta yi musu kwari mai zurfi, akwai kashe kuɗi a gaba.

Na ƙarshe, ka sauke manhajar saita murya a wayarka, kyauta ce. Ka saita tsirkiya a sake, sannan ka danne ta a firet na 12. Harafin murya iri ɗaya ya kamata ta nuna maka a duka biyun. In ta ɗan kauce, ana gyarawa da sukurun gada. Ka dai tabbata sukurorin ba su yi tsatsar da ba za su motsa ba, don kayan da suka kwana a Legas ko Kwatano iskar teku tana cin su.

Maijitar Jos: Baba ka manta da hunturu.

Baba Mai Saiti: Ina sane, numfashi na tsaya yi. Jitar da aka ƙera a Indonesiya ko Sin, ta zo ta sha damshin kudu, in ta hau arewa ta gamu da iskar Disamba sai katakon wuyan ya tsuke. Ƙarfe kuwa ba ya tsukewa tare da shi, sai bakin firet ɗin ya leƙo ta gefe yana yankar hannu. Mutane su ɗauka jitar ce ba ta da kyau, alhali ko mai tsada tana yin haka. Da 'yar zarto ake goge su, kuma a cikin hunturun ya kamata a goge, lokacin da suka gama fitowa. Sau ɗaya ake yi a huta. Kada ka jingina ta a bangon da rana ke duka, kada ka bar ta a but ɗin mota, in ka gama ka mayar da ita jaka.

Gwanin Solo: Duk na yarda. Amma in ni ne, zan nemi mai sandar girgiza ta gaske, wato sandar nan ta jikin gada da ake dannawa murya ta yi lilo, irin Floyd Rose, wadda za ka nutsa da ita har ƙasa ta dawo daidai. Nan ne daɗin yake.

Baba Mai Saiti: Gwani, ka ji tsoron Allah. Yaron da bai taɓa canza tsirkiyar lantarki ba za ka haɗa shi da gada mai lilo? Tsirkiya ɗaya ta tsinke, sauran biyar duk su tashi daga saiti. Ka ɗaure wannan waccan ta sauka. Mai araharta kuma ƙarfen ba shi da tauri, wata shida bakin ya cinye. Ta Pacifica ma ni shawarata ya sa a ɗaure sifirin ɗin baya gadar ta kwanta a jiki, ya cire sandar ya ajiye a jaka sai ya shekara.

Gwanin Solo: Shi ke nan Baba, na janye. Amma ranar da ya ji daɗinta zai neme ni.

Anti Mai Kibod: Sannunku da muhawara. Ina ta karantawa ina jiran a zo maganar amfi, na ga an wuce ta. Ƙanena, a gidan haya kake ko gidanku?

Ɗan Tudun Wada: Gidan haya ne Anti, ɗaki ɗaya, kuma maƙwabcina limamin unguwa ne.

Anti Mai Kibod: To ka ga dalilin tambayata. Da ragowar kuɗinka, amfin da za ka samu ƙarama ce mai wat 10 da sifika kamar faifan shayi, muryarta kamar rediyo a cikin gwangwani, kuma duk da haka za ta haɗa ka da Liman. Ni da za ka ji tawa, ka nemi ɗan akwatin nan da ake takawa da ƙafa mai muryoyi da yawa, kamar Zoom G1 Four, ko na hannu ne. Batir huɗu ƙanana yake ci, ko ka jona shi da fawa bank. Ka sa abin kunne ka yi ta kiɗinka har asuba ba wanda ya sani. Akwai abin saita murya a ciki, akwai ganguna da za su riƙe maka lokaci. Ranar da aka kira ka situdiyo ko wurin biki, shi za ka ɗauka a jaka a jona shi kai tsaye a mikisa, na'urar haɗa sauti. Mu a situdiyo a nan Kano rabon da in ga an sa wa amfi makirfo har na manta.

Maijitar Jos: Anti, ina girmama ra'ayinki, amma akwai abin da abin kunne ba ya koyarwa. Yadda sauti ke fita daga sifika ya daki ɗaki ya dawo, yadda za ka riƙe jita kada ta yi kuwwa, sai da amfi. Kuma muryoyi barkatai ɗin nan suna shagaltar da mai koyo, ya wuni yana danne-danne bai koyi ko waƙa ɗaya ba.

Anti Mai Kibod: Gaskiya ne, amma ka faɗa min sau nawa ake kawo wuta a Tudun Wada. Amfin da ba wuta ai kujera ce.

Ɗan Agadas: Akwai na batir ai. Roland Micro Cube, ko Blackstar Fly 3, batir shida kowane. Mu da su muke hita daji.

Anti Mai Kibod: In ya samu a kuɗin da ya rage masa, bismillah. Ni dai ban ga alama ba.

Injiniya: Kowanne ya zaɓa, ga gargaɗi biyu. Amfin da aka kwaso daga Amurka wutar 120 take ci, tamu kuwa 230 ce. Ka karanta abin da aka rubuta a bayanta kafin ka jona. Ni da kaina, da sunana Injiniya, na taɓa ƙona wata a ranar da na saye ta, ɗoki ya sa ban duba ba, sai hayaƙi da wari. In 120 ce sai da taransifoma mai sauke wuta. Na biyu ya fi muhimmanci: kada ka yarda a karya ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga soket. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfi ta cikin waya. In amfin ta samu matsala kuma ba ta da hanyar zubar da wuta a ƙasa, kai ne hanyar, musamman in hannunka na kan tsirkiya leɓenka ya taɓa makirfo. Ba tatsuniya ba ce, a 1972 wani makaɗin jita ɗan Sikotland, Leslie Harvey, haka wuta ta kashe shi a kan dandamali a garin Swansea. In ka ji jita tana ɗan cizonka, kashe komai, kada ka ce za ka daure.

Ɗan Zongo: Gaisuwa daga Kumasi. Me zai hana ya yi oda daga waje? Akwai Harley Benton na kantin Thomann a Jamus, suna da araha ƙwarai kuma ana yabon su. Ko ya nemi Cort, su ne ma ke ƙera wa wasu manyan kamfanoni jita a masana'antarsu ta Indonesiya.

Maijitar Jos: Cort kam in ya gani ya duba ta da kyau, kaya ne. Amma oda, kafin ka biya kuɗin jirgi da na kwastan da canjin Yuro, arahar ta gudu. Kuma in ta iso da murɗaɗɗen wuya wa za ka kama? Ga wadda zai taɓa da hannunsa a unguwarsu.

Gwanin Solo: Ba wanda ya yi maganar katako. Jikin 112V katakon alda ne, shi ya sa muryarta ta fi ta 012.

Injiniya: Fikof ne ya bambanta su Malam, maganaɗisu ba ya jin katako.

Gwanin Solo: Injiniya kada mu fara, ka san inda muka kwana wancan karon.

Shugaban Zaure: Ku tsaya nan. Rigimar katako ta ci mana kwana uku a watan jiya har mutum biyu suka fice. Wanda ke so ya buɗe mata zare daban. A bar yaro ya je kasuwa.

Ɗan Tudun Wada: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na rubuta duk abin da Baba ya ce a takarda. Asabar zan je in sha Allah.

Baba Mai Saiti: Ka tafi da wanda ya fi ka iya ciniki, kuma kada ka nuna ta burge ka. Ka fara taya baƙar, ka yi kamar Yamahar dole ce ta sa ka kalle ta.

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum, na dawo da labari. Na je da kawuna mai sayar da taya. Murfin baƙar nan kusoshi uku ne kamar yadda Baba ya ce, da na nuna wa mai shagon sai ya yi dariya ya ce ai kowa ya san kwafi ce. Yamahar kuwa wuyanta a miƙe yake, sandar ciki ta juya, na bi gidajen duka ban ji ziza ba sai a ƙaramar tsirkiya wajen firet na 15. Maɓallin ƙara yana ƙarar-ƙarar in an murɗa, ramin waya kuma yana girgiɗi. Kawu ya kama waɗannan biyun da tabon fenti ya yi ta ja, tun mai shagon na cewa albarka har ya sallama a 150,000. Na samu Zoom ɗin da Anti ta faɗa a hannun wani mai barin gari, 70,000. Waya 7,000, tsirkiya sabuwa mai kauri lamba 9 zuwa 42 ita kuma 9,000, wani mai gyara ya ɗaure ramin, ya fesa wa maɓallin magani, ya kwantar da gadar a 8,000. Saura 6,000 a aljihuna. Jiya har ƙarfe biyu na dare ina kiɗi, Liman bai ji komai ba.

Anti Mai Kibod: Ma sha Allah, Allah ya sa a kashe lafiya. Ka zaɓi murya biyu kawai a akwatin ka manta da sauran, kada maganar Maijita ta tabbata a kanka.

Gwanin Solo: Mabruk. Sandar girgizar fa, tana ina?

Ɗan Tudun Wada: Tana cikin jaka Yaya, Baba ya ce sai na shekara 😂 Amma Baba, zizar nan ta firet na 15 tana nan har yanzu, kuma tun da aka sa sabbin tsirkiyoyi saitin yana sauka kowane minti biyar. Ko in ɗan juya sandar wuyan da kaina? Mai shagon ya haɗo min da makullin.

Baba Mai Saiti: Ajiye makullin nan inda ka ajiye sandar girgiza. Ziza a firet na 15 ba aikin sandar wuya ba ne, ita tsakiyar wuya take gyarawa. Saukar saiti kuwa sabuwar tsirkiya ce ba ta gama miƙewa ba. Ka kama kowace ɗaya wajen tsakiya ka ɗan ja ta sama a hankali sau uku ko huɗu, ka sake saitawa, ka maimaita har ta daina sauka, ƙaramar kada ka ja ta da ƙarfi. In an kwana biyu zizar ba ta tafi ba, ka samu katin banki ka ɗora gefensa a kan firet uku, na 15 da 16 da 17, ka ga ko yana lilo. In yana yi, na 16 ne ya ɗaga. Ka ɗauko min bidiyo da rana, ba da fitilar waya ba, in gani kafin ka kai wa kowa.